Koriyar Kwalbar Da Na Gani A Akwatinki

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga autata Saratu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kin riga kin sauka lafiya. Allah ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a inda za ki zauna, ya haɗa ki da mutanen kirki.

Kada ki yi mamakin samun wasiƙa daga wadda kuka kwana ɗaki ɗaya shekara ashirin da uku. Maganar da ke cikinta tun shekaranjiya nake juya ta a baki, ta ƙi fita. Yanzu kin tafi garin Taba yi wa gwaggonki Asabe sallama, gidan ba kowa sai ni da kaji. Matan da suka zo kitso na ce su dawo jibi, na yaga takarda daga tsohon littafinki na makaranta, na zauna a kan turmi. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya saba da tsinken kitso, ya manta biro.

Shekaranjiya da kika je karɓo ɗinki, na buɗe akwatinki in sa miki kuka da daddawa da yaji, tunda an ce a Fatakwal ba a samun irin namu. Ƙarƙashin fararen kayanki na aikin nas na ji wani abu mai tauri cikin safa. Na zaro, sai ga koriyar kwalbar shamfu. Turancina bai kai ya kawo ba, amma wannan kwalbar ba sai an karanta mini ba. Ita ce wadda ake talla a waya, a ce idan mutum ya wanke kai da ita, masu gwajin gashi ba za su gane yana shan ƙwaya ba. Na san asibitin kamfanin da ya kira ki sai sun yanki gashinki sun gwada kafin su ba ki aiki, ke kika faɗa mini da bakinki, kina dariya kamar ba komai.

Ban ɗauke ta ba. Na mayar da ita cikin safar yadda kika sa. Ba zan kuma yi miki faɗa ba, don ba ni da bakin yi. Zan dai gaya miki abin da na yi da hannuna, ki ji, sannan ki yanke wa kanki shawara.

Abin daga wurina ya faro. Shekarar da mahaifinku ya rasu, ina cikin takaba tari ya kama ni. Aka sayo mini maganin tari a kemis, irin mai kodin ɗin nan. Na sha, tarin ya lafa, na kuma yi barcin da rabona da irinsa tun ranar da aka fita da Malam. Bayan sati biyu tari ya tafi, ni ban daina aike ba. Ba daɗinsa nake ji ba, Saratu. Lokacin bayan la'asar ne ba na iya jurewa. A lokacin yake dawowa daga gonar tumatir a Kurmin Kogi, ya jingine keke a zaure, ya yi gyaran murya. Da rana ta karkata sai kunnena ya koma zaure, ba keke, ba gyaran murya. In na kurɓi rabin kwalba sai lokacin ya wuce ban sani ba.

Ina ɓoye kwalaben cikin manyan kwanonin jerena, na can ƙasa waɗanda ba a taɓawa. In sun taru in ƙulle a leda in ba ki in ce ki jefa a masai. Kina 'yar shekara goma sha huɗu. Wata rana kika tambaye ni, "Inna, har yanzu tarin bai tafi ba?" Na ce, "Na cikin ƙirji ne, ba ya fitowa." Kika ce Allah ya sawwaƙe, kika ɗauki ledar. Ni ce na fara nuna miki inda ake samun wannan barcin, ni ce kuma na fara nuna miki yadda ake ɓoye shi. Don haka idan shaiɗan ya ce miki ke lalatacciya ce, ki ce masa a gida kika gani. Amma kada ki tsaya nan. Ni na tsaya shekara huɗu ina cewa laifin mutuwa ce, ba abin da hakan ya ƙara mini sai kwalabe.

Kuskurena na biyu shiru ne. Na san lokacin da kika fara. Kina shekara ta biyu a makarantar kiwon lafiya kika zo hutu, kika zauna a gabana in yi miki shuku. Ina tsaga, kanki yana langaɓewa a kan gwiwata, ga wannan zaƙin warin yana fitowa daga numfashinki. Wanda ya taɓa sha, warin nan ba ya ɓace masa. Hannuna ya tsaya a kanki. Na buɗe baki, sai na tuna ledar da nake ba ki, na ce a raina da wane ido zan dube ki. Sai na ce, "Gyara zama, kina ɓata mini tsaga." Shi ke nan abin da na ce.

Haka kuma sati bakwai da suka wuce, da takardar kiran aiki ta zo kika daina. Kwana biyar kina gumi, kina hamma, kina zarya bayan gida, ƙafafunki ba sa zama wuri ɗaya. Kika ce zazzaɓin sauro ne. Na san ba shi ba ne, don ni ma na yi irinsa a kan wannan gadon. Na dama miki kunun tsamiya, na ce Allah ya kawo sauƙin zazzaɓi. Mu biyu a ɗaki ɗaya, kowa ta san abin da ɗayar ta sani, muna ta maganar sauro. Da na rungume ki a ranar na ce na gani, na kuma ji daɗin ƙoƙarinki, wataƙila da ba ki je kin sayi kwalbar nan ke kaɗai ba. To yanzu na faɗa: na gani, kin yi ƙoƙarin da ya fi nawa. Ke kuma, duk inda kika je, idan kika ga wani naki yana nitsewa, ki yi magana ko da bakinki bai da tsarki. Kunyar da na ji ba ta amfani kowa ba.

Yanzu sai maganar yayanki. Ke kina makarantar kwana a lokacin, abin da aka gaya miki shi ne ya tafi Legas neman kuɗi. Ga yadda aka yi.

Kin san bayan rasuwar Malam shi ya ɗauki gidan. Yana jan akori-kura, yana kwasar kwandunan tumatir daga gonaki zuwa kasuwanni, wani lokaci sawu uku a yini. Direbobi suka koya masa tiramol, wai tana kashe gajiya. Na sani, na yi shiru, dalilin dai ɗaya ne. Sai wani kamfanin manyan motoci a Kaduna ya buɗe ɗaukar direbobi, ya je ya gwada tuƙi, ya ci. Ranar da ya dawo da labarin na yi guɗa a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo. Duk wadda ta zauna a gabana kitso sai ta ji cewa yaron gidan nan zai ja tanka.

Bayan kwana biyu ya same ni ina tankaɗe, ya tsuguna nesa kaɗan, yana wasa da makullin mota.

Ya ce, "Inna, akwai saura. Gwaji za su yi."

Na ce, "To ka daina sha kwana biyu mana, ka sha ruwa da yawa."

Ya ɗago ya dube ni, don ranar ce ta farko da na nuna masa na sani. Ya ce, "Ba fitsari ba ne. Gashi za su yanka. An ce gashi yana riƙe abin har wata uku."

Sai ya ciro waya ya nuna mini bidiyo. Wani mutum ne da farar riga irin ta likitoci, yana riƙe da koriyar kwalba, yana rantsuwa cewa wanki uku ya isa, ga mutane suna fitowa ɗaya bayan ɗaya suna godiya. Ya ce ya riga ya yi oda, za a ba direba ya kawo tasha. Abin da ya kamata in ce shi ne, je ka gaya musu gaskiya. Abin da na ce shi ne, "In dai gashi ne, ai ka zo gidansa. Bar mini."

Girman kai ne, Saratu. Shekara talatin ina taɓa kan mutane, na ɗauka ba gashin da zai gagare ni. Kwalbar ta zo, na wanke masa sau uku yadda aka ce. Hankalina bai kwanta ba. Ya sake nemo wasu bidiyoyin, kowa da abin da yake cewa a ƙara, ni ma na ƙara nawa. Ba zan lissafa miki abin da na haɗa ba, don kada wata rana ki ce bari ki gwada. Ki dai sani har da rilaksa, man miƙar da gashi, da kanwa, da abin da ake wanke tufafi da shi. Kullum da hantsi in zaunar da shi a kan kujera 'yar tsugune bayan ɗaki, in shafa, in ɗaure da leda, in ce ya jira.

Rana ta uku ya ce, "Inna, zafi."

Na ce, "Alamar yana aiki ke nan. Daure."

Rana ta huɗu da na kwance ledar, gashi ya biyo ta. Fatar saman kunnensa na hagu ta saluɓe, tana ruwa. Ya riƙe ƙafar kujera da hannu biyu, namiji ɗan shekara ashirin da uku, hawaye na zuba. Kin san abin da na yi? Na shafa masa man kaɗanya, washegari na sake wankewa. Na ce saura kwana ɗaya, kada wahalar ta tashi a banza.

Ya tafi Kaduna da hula. Abin da ya faru a can daga baya ya ba ni labari, a taƙaice, yana kallon ƙasa. Matar da ke yankan gashin ta ce ya cire hula. Ya cire. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wa ya yi maka wannan?" Ya ce makero ne. Ta ce, "Ɗana, kai ne na huɗu da na gani da irin wannan makeron a satin nan." Ba ta ko taɓa kan ba. Ta ce ya ɗaga hannu, ta yanka a hammata. Sakamako ya fito da abin da yake sha, aka kuma rubuta a takardarsa cewa ya yi ƙoƙarin yaudara, kada a sake karɓar sunansa.

Akwai wani ɗan Maƙarfi da suka je tare, Isiyaku, shi ma yana sha. Shi da aka zo kansa, tun kafin a ɗauko almakashi ya ce, "Hajiya, ni fa na sha, amma na daina wata ɗaya ke nan." Aka rubuta, aka ce ya je ya dawo bayan wata huɗu a sake gwadawa. Ya koma, aka ɗauke shi. Har yau in ya biyo ta Ikara da motarsa yakan tsaya ya gaishe ni, ya tambayi abokinsa. Nakan amsa da fara'a, in ya tafi in shiga ɗaki.

Ban ce ke ma haka za a yi miki ba. Ban san dokar mutanen Fatakwal ba, ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Mai yiwuwa ki faɗi gaskiya su ce ki dawo, mai yiwuwa su ce ki tafi ke nan. Abin da na sani shi ne na gashi. Daga ciki yake tsirowa, abin da jini ya ɗauka shi yake ɗauka. Mace mai jego, mace mai doguwar jinya, ina gane su a gashinsu kafin su buɗe baki. Abin da aka shafa daga waje iyakarsa waje, in kuma aka matsa masa sai ya ci fata. Na san wannan tun kafin a haife ki, amma na bar mai farar riga a waya ya koya mini sana'ata, saboda ina son abin da yake faɗa ya zama gaskiya. Ke kin yi karatun asibiti, kin fi ni sanin haka. Tsoro ne ya saya miki kwalbar nan, ba rashin sani ba.

Mafi munin abin da na yi bai zo ba tukuna. Ranar da ya dawo, mata huɗu ne a tsakar gida, ɗaya a gabana, uku suna jira. Ya yi sallama, na ga fuskarsa na gane. Ɗaya daga cikinsu ta ce, "A'a, direban tanka! Yaushe za a fara?" Kafin ya yi magana na riga shi, na ce, "Ai sun ɗage ɗaukar sai bayan salla." Ya dube ni, ya wuce ɗakinsa. Ban tashi ba. Na gama kan da nake yi, na yi na biyu, na yi na uku, na yi na huɗu. Sai da kowa ta tafi na je ƙofarsa. Ban tambaye shi ciwon kansa ba. Cewa na yi, "Yanzu me zan gaya wa mutane? Ka kunyata ni a garin nan."

Ya cire hular a hankali, don ta manne da ciwon. Ya sunkuyo da kan ya nuna mini. Ya ce, "Inna, wannan ni na yi?"

Na juya na koma ɗaki, na buɗe kwanon jere.

Bayan kwana tara ya tafi. Ya gaishe ni da safe kamar kullum, ya ce zai je tasha, ke nan. Shekara shida yanzu. Yana kira ranar salla, mu gaisa, ya tambayi lafiyarki, ya ce kati zai ƙare. Hoton da ya turo miki bara, wanda kika nuna mini kina cewa yaya ya yi ƙiba, ni hular na kalla. Ya ja ta ta rufe saman kunnen hagu. Gashi bai sake fitowa a wurin ba.

Watan da ya tafi na daina sha. Ba wanda ya sani, ba wanda ya taya ni. Na kwashe kwalaben da kaina na kai masai. Na ɗauka in na daina zai ji a jikinsa ya dawo. Bai dawo ba, kuma ban taɓa ce masa ya yafe mini ba, don duk ranar salla in na shirya maganar sai in ji kaina ina tambayarsa ko ana ruwa a Legas.

Don haka ki ji da kyau. Idan suka gwada suka ce ba su ɗauke ki ba, kada ki wuce wani gari don kunyata. Ki kira ni ki faɗi motar da kika hau. Zan ajiye kan ko wace ce a gabana, in sa mayafi, in je tasha in tsaya. Duk wadda ta tambaye ni, zan ce 'yata ta faɗi gaskiya ne aka ce ta jira. Bakin matan unguwa na riga na gwada shi, na ba da ɗa guda saboda shi, ko sati biyu ba su yi suna maganar ba suka koma kan wani.

Akwai abin da zan faɗa miki don kada ki ji shi a muryata ki rasa gane shi. Wani ɓangare na zuciyata yana so su koro ki. Tun da aka sa ranar tafiyarki nake lissafin yadda gidan zai koma: in dafa abinci in ci ni kaɗai, in ji abin dariya a rediyo in juya ba wanda zan gaya wa. Masu kitso suna zuwa, amma bayansu suke ba ni, su yi hirarsu da junansu, a gama su tafi. Idan kika kira kika ji ina cewa ko za ki dawo ne, kada ki saurare ni. Kaɗaici ne ke magana. Na yi istigfari a kansa, ina kuma yi. Ki tafi, ki yi aikinki, ni zan iya.

Idan kuma Allah ya sa suka ɗauke ki, to a nan aikin yake. Za ki zauna a garin da ba ki san kowa ba, ba mai jin yarenki sai ɗaiɗai, ki tashi aiki ki koma ɗakin da ba mai yi miki sannu da zuwa. Kowa yana da lokacin da ya fi masa nauyi a yini, ki gano naki, kada ya same ki ke kaɗai a zaune. Ki fita, ki je gidan wata, ki yi wanki ko da kayan ba su yi datti ba. Kuma ke nas ce, wata rana makullin kabad ɗin magani zai zo hannunki, ba mai ganinki. Tun kafin ranar ta zo ki nemi wata babba a wurin aikin, mai hankali, ki gaya mata tarihinki, ki ce ta sa miki ido. Mutum ɗaya da ya sani ya fi miki amfani fiye da ɗari masu yaba ki. Ni ban samu ko ɗaya ba, don ban nema ba.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki ci abinci ko ba kya jin yunwa. Ki kira ni bayan la'asar idan kin samu sarari, ko ba ki da labari, mu yi shiru tare a waya, ya fi kowa ta yi nata ita kaɗai.

Ga ƙarar mashin nan ta tsaya a ƙofar gida, ina jin ke ce kika dawo. Bari in naɗe takardar in tura ta ƙarƙashin ledar kuka. In kin shigo zan tambaye ki ya gwaggonki, in ce ki zo ki ci tuwo, ba zan ce komai ba. Kin san uwarki. Amma wannan karon na faɗa, ko da a takarda ne.

Ki yafe mini, Saratu. Ni ban riƙe ki da komai ba, duniya da lahira.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare gabanki da bayanki, ya ba ki ƙarfin zuciya a ranar da za ki zauna gaban mai almakashi. Allah ya sa ki gama da duniya lafiya, ya jiƙan mahaifinku, ya sa in sake ganinku ku biyu a tsakar gidan nan ina da rai. Amin.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Binta mai kitso, Ikara.